Gilashin makro da limitarsa: wanne ya dace da mai hoto a Kaduna?

Duk wanda ya tara kuɗi zai sayi gilashin makro, wato gilashin kyamara na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, tambayar da yake fara yi ita ce wanne ya fi fitar da hoto tar. Amsar ba ta da wuya: kusan dukkansu suna fitarwa. Ko Canon ne, ko Nikon, Tamron, Sigma ko Tokina, in dai makro ne na gaske mai tsawon milimita 90 zuwa 105, da wuya ka kushe kaifinsa. Inda suke rabuwa shi ne bakin aiki, lokacin da aka miƙo maka hannun amarya, dangi sun tsaya a kanka, gilashi kuma ya shiga safa da marwa yana neman fokas. Mai raba gardama a nan wani ɗan maɓalli ne a gefen gilashin, wanda masu hoto ke kira limita. Mutane da yawa sukan shekara da gilashi ba su taɓa shi ba, alhali a ganina shi ya kamata a fara dubawa kafin a ciro kuɗi, domin ba iri ɗaya kowane kamfani ya yi nasa ba.

Abin da limita ke yi

Gilashin hoton fuska na yau da kullum, irin 85mm, ba ya kama abin da ya matso ƙasa da santimita 80 ko 85. Tafiyarsa gajera ce, ko ya ɓace nan da nan yake dawowa. Makro kuwa tafiyarsa doguwa ce, tun daga ƙarshen gani har zuwa wajen santimita 30, inda abu ke sauka a kan sensa, faifan da ke karɓar hoto a cikin kyamara, da girmansa na gaskiya, wato 1:1. Kaso mai yawa na wannan tafiya yana tsakanin rabin mita da santimita 30 ɗin nan. Shi ya sa in kyamara ta rasa abin kamawa, a ɗaki mai ƙarancin haske ko a kan farin yadi marar zane, sai ta tura gilashi ya je ƙarshe ya dawo, kai kuma ba abin da kake gani sai dishi-dishi. Daƙiƙa ɗaya ce ko biyu, amma a wurin kamu ta isa amarya ta sunkuyar da kai, mayafi ya rufe fuska.

Limita tana yanke wani ɓangare na tafiyar. Kamar ka aiki yaro Kasuwar Barci ya nemo maka shago ne: in ba ka faɗa masa layi ba sai ya zagaye kasuwa, in ka faɗa masa kuwa ba gudu ka ƙara masa ba, tafiya ka rage masa. Ba ta ƙara wa motar fokas ƙarfi, ba ta kuma ƙara wa hoto kaifi.

Akwai abu biyu da sai an fahimce su lambobin da ke jikin maɓallin za su yi ma'ana. Na farko, nisan da aka rubuta daga sensa ake auna shi, ba daga bakin gilashi ba. Duba saman kyamararka, za ka ga ƙaramar da'ira da layi ya ratsa ta, to daga nan awo yake farawa. In an rubuta 0.3m, tsakanin bakin gilashi da abin da kake ɗauka bai wuce santimita 13 zuwa 15 ba, in ka ɗaura hular kare haske ma ya ƙara raguwa.

Na biyu shi ne wanda na fi so a tsaya a kansa. Yawancin gilasan nan a rabin mita suka kafa iyaka. To mene ne ke shiga hoto a rabin mita? Da gilashi 100mm a kan kyamara mai cikakkiyar sensa, irin Canon 6D ko Nikon D750, faɗin wajen santimita 10 zuwa 12 ne kawai. Hannun amarya gaba ɗaya, daga wuyan hannu zuwa kan yatsa, ba zai shiga ba sai ka ja baya zuwa wajen santimita 70. A kan kyamara mai ƙaramar sensa, irin 700D ko D5300, sai ka kai kusan mita guda. Ma'ana hoton lalle, da kwalbar humra, da sarƙa a kan tire, da faranti na dublan ko cincin, duk aikin ɓangaren nesa ne. Ɓangaren kusa na zobe ne, da ɗan kunne, da zaren ɗinkin hula, da idon ƙwaro. Masu hoto da yawa da ke cewa makro suke yi, in aka auna, kusan duk aikinsu a bayan rabin mita yake, kuma wannan kaɗai ya isa ya sauya irin gilashin da ya kamata su saya.

Ma'aunan da za mu bi

Na ɗaya, wane ɓangare limita ke yankewa: na kusa, na nesa, ko ta ba ka zaɓi tsakaninsu. Na biyu, sauƙin aiki: nauyi, na'urar hana girgiza, da ko za ka iya sauya maɓallin ba tare da ka cire ido daga kyamara ba. Na uku, ƙarko. Garin nan yana gwada gilashi ta fuska biyu: ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mai laushi da ba ta jin ƙofa, sai danshin damina, musamman a Agusta, wanda ke haifar da fumfuna a cikin gilashin da aka bari a rufe cikin jaka. Na huɗu, farashi. Kuɗin naira da dala yake tafiya, abin da aka faɗa maka yau ba shi ne na mako mai zuwa ba, saboda haka zan kawo farashin da wasu suka fito da shi a Amurka, sauran kuma in jera su daga mai tsada zuwa mai araha. Na biyar, haɗari: ko gilashin zai yi aiki da kyamararka, da abin da ke iya ɓoyewa a cikin tokumbo.

Masu mataki uku

Limitar waɗannan tana ba ka FULL, wato dukkan tafiyar, da nesa kaɗai, da kusa kaɗai. Shugabansu a hannun masu Canon shi ne EF 100mm f/2.8L Macro IS USM, wanda ya fito a 2009 a kan dala 1,049. Matakansa FULL, 0.5m zuwa ∞ (ƙarshen gani), da 0.3 zuwa 0.5m. Nauyinsa giram 625, ba ya miƙewa in yana fokas, kuma an yi masa kariyar ƙura da danshi. Na'urarsa ta hana girgiza tana gyara har da zamewar hannu gefe da gefe, wadda ita ce ke damun hoton kusa. Sai dai Canon da kansu sun nuna cewa taimakon yana raguwa in ka matso: mataki 4 a ma'aunin haske (kowane mataki ninki biyu ne) a nisa na yau da kullum, mataki 2 kacal a 1:1. Yana aiki lafiya a kan sababbin kyamarori irin R6 ta hanyar adafta, don haka wanda ya saye shi yau bai ɗaure kansa da tsohuwar kyamara ba.

Tamron SP 90mm f/2.8 VC na 2016, mai lamba F017, matakansa daidai da na Canon suke, yana da hana girgiza da kariyar ƙura da danshi, kuma a dala 649 ya fito. A nan ne haɗarin suna yake. Tamron 90mm iri-iri ne ke yawo a kasuwa, cikinsu akwai 272E na 2004, F004 na 2012, da F017. Mai sayarwa zai rubuta "Tamron 90 makro" kawai ya sa farashi. Ka nemi ya turo maka hoton lambar da ke jikin gilashin, domin na 2004 wani abu ne daban, za mu zo kansa.

Sigma 105mm f/2.8 EX DG OS HSM na 2011 iyakarsa a 0.45m take, ba rabin mita ba. Yana da nauyi, giram 725, za ka ji shi a wuyan hannu in aiki ya kai dare, amma sau da yawa shi ne mafi sauƙin kuɗi a cikin masu mataki uku. Masu Sony kuwa nasu FE 90mm f/2.8 Macro G OSS ne na 2015, dala 1,099, giram 602, mai FULL, 0.5m zuwa ∞, da 0.28 zuwa 0.5m. Yana da wata dabara mai kyau: in ka ja zoben fokas baya sai ya koma na hannu, in ka tura gaba ya koma mai sarrafa kansa. Canon RF 100mm na 2021 ya wuce 1:1 ya kai 1.4, yana matsowa har 0.26m, amma a dala 1,399 ya fito, kuma kyamarorin R kaɗai yake hawa.

Amfanin matakin kusa sai ka shiga lambu kake ganinsa. Je ka filin Gamji da sassafe a ƙarshen damina, ka sami ƙudan zuma a kan fure. Kana kan FULL, iska ta ɗan kaɗa reshe, ɗigon fokas ya zame daga jikin ƙwaro ya faɗa kan ganyen da ke baya da mita biyu. Gilashi ya tafi can, kafin ya dawo ƙwaro ya tashi. In ka kulle shi a 0.3 zuwa 0.5m, ba shi da ikon zuwa can, nan kusa zai ci gaba da lalube har ya sake kamawa. Haka yake ga ɗalibin aikin gona ko malamin gona da ke son ɗaukar tsutsar masarar nan da ta shigo Nijeriya a 2016. Alamomin da ake gane ta da su, zanen Y a kife a goshinta da ɗigo huɗu a jere kamar murabba'i kusa da wutsiya, ƙanana ne, kuma a cikin ƙoƙon masara take ɓuya, ganye ta ko'ina yana jan fokas.

Aibin mataki uku shi ne maɓalli mai gida uku ya fi sauƙin ruɗa mutum. Ka gama ɗaukar zobe a matakin kusa, sai ga uwar biki ta ce, "Mai hoto, ga ango nan ya shigo, yi maza." Ka ce "To, Hajiya," ka ɗaga kyamara, gilashi ya ƙi kama komai, domin ka hana shi wuce rabin mita. Na ga mai hoto ya cire gilashi ya jefa jaka a tsakiyar dina yana cewa ya lalace, alhali maɓalli ne ya goce. Maganin shi ne sabo: duk sanda ka gama hoton kusa, babban yatsa ya mayar da maɓallin kafin ka miƙe tsaye.

Masu mataki biyu da ke yanke kusa

Nan akwai tsofaffin jarumai biyu. Canon EF 100mm f/2.8 Macro USM na 2000, wanda ba shi da jan zoben nan da ke bakin gilasan Canon masu harafin L, matakansa 0.31m zuwa ∞ da 0.48m zuwa ∞. Ba shi da hana girgiza, ba shi da kariyar ƙura, amma ba ya miƙewa, motarsa shiru ce mai sauri, kuma hotonsa da wuya abokin ciniki ya bambance shi da na mai jan zobe. A tokumbo kuɗinsa yana ƙasa da na L sosai. Sai Nikon AF-S 105mm f/2.8G VR na 2006, mai FULL da ∞ zuwa 0.5m. Kakkaura ne, ya haura giram 700, yana da hana girgiza, kuma motarsa a ciki take, don haka yana aiki har a kan D3400 da D5300.

Wanda bai lura ba zai ce waɗannan sun gaza masu mataki uku. A takarda haka ne. Amma ka tuna awon da muka yi a sama: lalle, turare, kayan lefe, fuska, duk a ɓangaren nesa suke, kuma shi ne ainihin ɓangaren da waɗannan gilasai biyu ke kulle maka. Mai hoton biki zai bar maɓallin a 0.48m ko 0.5m tun daga sa lalle har zuwa kai amarya, ya yi amfani da gilashin a matsayin na hoton fuska mai saurin kamawa, sai in an zo zobe ya buɗe FULL na minti biyu. Abin da ya rasa, wato kullen kusa, a wurin zobe ba babban rashi ba ne, domin zobe ba ya tashi, kuma da hannu ya fi kyau a saita shi. Gida biyu kuma ya fi wuyar ruɗa mutum: ko an goce maɓallin a jaka, ta kowace fuska ya faɗa gilashin zai kama ango daga nesa. Ni a wurina wannan kwanciyar hankali tana da daraja a aikin da ba a maimaita shi.

Wani abin lura ga mai sayen Nikon ɗin: in ka matso zuwa 1:1, kyamara za ta nuna lambar ƙofar haske f/4.8 ba f/2.8 ba. Ba lalacewa ba ce. Kowane makro yana rasa haske in ya matso, har kusan mataki biyu, Nikon dai suna nuna maka gaskiyar lambar ne, Canon kuma ba sa nunawa. Wannan rashin hasken ma yana cikin dalilan da ke sa fokas wahala a kusa.

Mai mataki biyu da ke yanke nesa

Nikon Z MC 105mm f/2.8 VR S na 2021 ya juya lissafin. Matakansa FULL da 0.29 zuwa 0.5m, wato kullen kusa yake bayarwa, babu na nesa. Dala 999 ya fito, giram 630, da kariyar ƙura da danshi, kuma hotonsa yana cikin mafi kyau a duk jerin nan. Ga mai ƙwari da furanni, daidai ne. Ga mai biki kuwa, a FULL zai zauna, ya dogara da gane fuska da ido na kyamarar Z don kada gilashi ya ɓace. Da rana babu damuwa, a zaure mai fitilu masu launi ne za ka so a ce akwai ɗaya matakin.

Tsofaffi masu miƙewa

Tamron 272E da Tokina AT-X 100mm f/2.8 Pro D su ne na mai ƙaramin ƙarfi, kuma kaifinsu ba abin rainawa ba ne. Limitarsu FULL da LIMIT kawai aka rubuta, babu lamba, kuma yadda take aiki yana ruɗa sabon shiga: ɓangaren da fokas yake a lokacin da ka murɗa maɓallin, nan za ta kulle ka. In kana kusa ta tsare ka a kusa, in kana nesa ta tsare ka a nesa. To ka ga aikin mataki uku take yi da gida biyu, sai dai in za ka sauya ɓangare dole ka buɗe FULL, ka kai fokas ɗaya gefen, ka sake murɗawa. A sutudiyo ba komai, a filin biki ɓata lokaci ne. Kuma a waɗannan gilasai limita ba ado ba ce, dole ce, domin motarsu a hankali take tafiya, da ƙara, in ta ɓace a FULL sai ka yi haƙuri.

Damuwata da su a Kaduna ita ce miƙewar. In suna matsowa, bututun gaba yana fitowa waje sosai ya koma, kuma duk ƙurar da ta kwanta a jikinsa tana iya bin sa ciki. Wanda zai ɗauki hawa a Dandalin Murtala ko ya bi gonaki a watan Janairu ya san abin da nake nufi. Miƙewar kuma tana cinye tazarar da ke tsakaninka da abin ɗauka, har inuwar gilashi ta faɗa kansa. Abin yabo ɗaya shi ne fuskar gilashin a can ciki take, yatsa da ƙarce ba sa kai mata da sauƙi.

Babban haɗarin na masu Nikon ne. Tokina na Nikon ba shi da mota a ciki, motar kyamara yake jira. A kan D7100 ko D750 zai yi, a kan jerin D3000 da D5000 ba zai motsa ba, haka ma a kan adaftar FTZ, mai ɗora tsofaffin gilasan Nikon a kan kyamarar Z. Tamron 272E na Nikon kuma iri biyu ne, na farko babu mota, na baya akwai. In ka sayi marar mota ka ɗora a D5300, ka sayi gilashin hannu ke nan, limita ba ta da abin da za ta yi maka.

Marasa limita

Laowa 100mm f/2.8 na 2019, dala 449, ba shi da fokas mai sarrafa kansa, saboda haka ba ya buƙatar limita. Yana kai 2:1, ninki biyu na girman abu. Kada a ɗauka wannan koma baya ne, domin a kusa sosai ƙwararru ma da hannu suke aiki. Dalili shi ne siririn wurin da ke fita tar. A 1:1 da f/8, kaurinsa wajen milimita 1 ne, a f/16 bai cika milimita 2 ba, a f/2.8 kuwa kashi ɗaya cikin uku na milimita. Numfashinka kaɗai ya isa ya fitar da dutsen zobe daga fokas. Abin da ake yi shi ne a saita girman da ake so, a kafa kyamara a kan ƙafa uku ko a jingina gwiwar hannu a tebur, a riƙa matsawa gaba da baya a hankali har wurin ya fito, a danna. Babu motar fokas da za ta lalace, wannan kuma ƙarko ne. Amma ba za ka bi amarya da shi tana shigowa fili ba.

Akwai kuma zobban ƙari da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi 50mm. Su ne mafi araha nesa ba kusa ba. Suna kulle ka a kusa da kansu, domin muddin suna jiki gilashin ba zai kama nesa ba. Cirewa da sawa yana buɗe sensa ga ƙura, kuma masu arahar cikinsu da ba su da tagullar sadarwa suna hana ka sarrafa ƙofar haske.

| Gilashi | Shekara | Limita | Hana girgiza | Yana miƙewa | Tsada |
|---|---|---|---|---|---|
| Canon RF 100mm L | 2021 | FULL, nesa, kusa | akwai | a'a | mafi tsada |
| Sony FE 90mm G | 2015 | FULL, nesa, kusa | akwai | a'a | mai tsada |
| Canon EF 100mm L | 2009 | FULL, nesa, kusa | akwai | a'a | mai tsada |
| Nikon Z MC 105mm | 2021 | FULL, kusa | akwai | a'a | mai tsada |
| Nikon AF-S 105mm VR | 2006 | FULL, nesa | akwai | a'a | matsakaici |
| Tamron F017 | 2016 | FULL, nesa, kusa | akwai | a'a | matsakaici |
| Sigma 105mm OS | 2011 | FULL, nesa, kusa | akwai | a'a | matsakaici |
| Canon EF 100mm USM | 2000 | FULL, nesa | babu | a'a | da sauƙi |
| Laowa 100mm | 2019 | babu | babu | a'a | da sauƙi |
| Tamron 272E | 2004 | FULL, LIMIT | babu | e | mai araha |

In tokumbo za ka saya

Yawancin gilasan da ke sama na hannu ake samunsu, daga Legas ko Abuja. Zuwa da kai ya fi aike: in kuɗin ya kai, shiga jirgin ƙasa a Rigasa da kyamararka a jaka ya fi a aiko maka da kwali ka buɗe ka ga abin da ba shi ka biya ba. Gwajin limita ba ya cin minti uku. Sa ta a nesa, ka kawo babban yatsanka dab da bakin gilashi, dole ya ƙi kamawa. Sa ta a kusa, ka nufi ginin da ke tsallaken titi, dole ya ƙi. Mayar FULL, ka sa ya yi tafiyar daga titi zuwa yatsa sau da yawa, kana sauraron ko akwai ƙara ko tsayawa a hanya. Maɓallin kansa ya riƙa zama daram a kowane gida, in yana lilo to zai riƙa gocewa a jaka. Daga nan ka haska tocilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba ta hana hoto, amma zare-zare fari mai rassa fumfuna ce, ka ajiye masa abinsa komai arahar da ya yi maka. Bayan ka kawo gida kuma, da damina kada ka bar shi cikin jakar yadi a lungun ɗaki, ka samo roba mai murfi da 'yan ƙunshin silika masu shan danshi.

Wa ya dace da wanne

Mai hoton biki da ke son gilashi ɗaya ya yi masa fuska, lalle da zobe: in Canon ne kuma kuɗi sun takura, EF 100mm USM marar jan zobe ya ishe shi, ragowar kuɗin ya sayi filashi mai kyau, domin haske ya fi hana girgiza amfani in mutane suna motsi. In Nikon ne mai madubi, irin D750 ko D5300, AF-S 105mm VR. Wanda ke haɗa hoto da bidiyo, ko yake yawan aiki a waje cikin ƙura, ya daure ya kai ga Canon L ko Tamron F017.

Mai ɗaukar kayan sayarwa ga masu kasuwanci a Instagram da WhatsApp, turare, atamfa, takalma, sarƙoƙi, a kan tebur yake aiki da fitila, kayansa ba sa gudu, ƙura kuma tana waje. Tamron 272E ko Tokina za su yi masa aikin da kuɗi kaɗan, muddin ya tabbatar da zancen mota in Nikon yake riƙe da ita.

Mai bin ƙwari, furanni da cututtukan amfanin gona shi ne wanda kullen kusa ya zame wa dole: Sigma 105mm in yana lissafin kuɗi, Tamron F017 in yana son kariyar danshi, Sony 90mm ko Nikon Z MC in kyamararsa marar madubi ce. Mazari da malam-buɗe-littafi ba sa bari a matso su, sau da yawa a bayan rabin mita ake samunsu, don haka mai mataki uku ya ɗan fi Z MC dacewa da su.

Mai aikin gwal da azurfa da ke son a ga hatimin da ke cikin zobe, ko mai son ƙwayar citta da gero ta cika hoto, Laowa da ƙafa uku. Wanda kuma bai tabbatar makro zai kawo masa kuɗi ba, ya fara da zobban ƙari masu tagullar sadarwa a kan 50mm ɗinsa, ya riƙa auna nisan da yake tsayawa a kowane aiki daga da'irar nan da ke saman kyamara. In yawanci ya haura rabin mita, ya nemi mai kullen nesa, in yawanci ƙasa da haka ne, ya tara na mai mataki uku.